BABI NA HUƊU: RAZANARWA DA WAƘA A FAIFAN FARKO NA ƘUNGIYAR W.A.S.P.

4.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an kawo tarihin kiɗan hebi metal, wato kiɗan ƙarfe kamar yadda ake kiransa a wannan kundi, tun daga fitowar faifan farko na ƙungiyar Black Sabbath a Ingila cikin shekarar 1970. A wannan babi kuwa za a ɗauki faifai guda ɗaya a feɗe shi. Faifan shi ne na farko da ƙungiyar W.A.S.P. ta ƙasar Amurka ta fitar a shekarar 1984, wanda aka sa wa sunan ƙungiyar.

Dalilin zaɓen wannan faifai shi ne, kusan duk inda aka ambaci ƙungiyar abin da ake fara tunawa shi ne ɗanyen nama da jini da zarto, ba waƙa ba. Saboda haka tambayar da babin zai yi ƙoƙarin amsawa ita ce: kashi nawa na razanarwar da aka san ƙungiyar da ita ya shiga cikin faifan? Ra'ayin wannan bincike shi ne, razanarwar ta fi yawa a abin da ido ke gani, wato dandamali da bangon faifai da suna, amma abin da kunne ke ji waƙoƙi ne masu tsari na al'ada, waɗanda aka gina a kan amshi mai sauƙin kamawa, kuma babban saƙonsu shi ne ƙishirwar matashi ta a san da zamansa. Wajen nazarin za a yi amfani da matakan da Gusau (1993) ya shimfiɗa domin feɗe waƙar baka, kamar salsala da turke da zubi da tsari da salo, saboda su ma waɗannan waƙoƙi rera su ake yi da kiɗa a gaban jama'a.

4.1 Salsalar Ƙungiyar da Faifan

An kafa W.A.S.P. a birnin Los Anjelas na jihar Kalifoniya a shekarar 1982. Jagoranta shi ne Blackie Lawless, wanda sunansa na yanka Steven Duren, an kuma haife shi a shekarar 1956. Kafin kafa wannan ƙungiya ya ɗan taɓa zama da ƙungiyar New York Dolls a 1975, sannan ya koma Los Anjelas inda ya yi ta kafa ƙananan ƙungiyoyi suna watsewa. Ke nan lokacin da faifan ya fito yana da shekara 27, ya kuma shafe kusan shekara goma yana neman suna bai samu ba. Wannan batu yana da muhimmanci idan an zo maganar turke.

Mutum huɗu ne suka yi aikin faifan. Lawless shi ne mawaƙi kuma makaɗin jita mai kaurin murya, Chris Holmes da Randy Piper su ne makaɗan jita, Tony Richards kuma yana kan ganguna. Lawless da Mike Varney ne suka tsara ɗaukar sautin, kamfanin Capitol kuma ya fitar da faifan ranar 17 ga Agusta, 1984. Lawless ne ya tsara kusan dukkan waƙoƙin, sai kaɗan da Holmes ya sa hannu. Ba a daɗe da fitar faifan ba Richards ya bar ƙungiyar, Steve Riley ya maye gurbinsa.

Faifan ya fito ne a lokacin da kasuwar kiɗan ƙarfe ta buɗe a Amurka. A watan Nuwamba na 1983 faifan Metal Health na ƙungiyar Quiet Riot ya hau matsayi na ɗaya a jerin mujallar Billboard, abin da wani faifan kiɗan ƙarfe bai taɓa yi ba. Tashar talbijin ta MTV, wadda aka buɗe a 1981, ta sa siffar mawaƙi ta zama jari kamar muryarsa. A Los Anjelas kaɗai akwai Mötley Crüe da Ratt da wasu da dama, kowa da dogon gashi da tufafin fata. A irin wannan cunkoso sai mai abin da ya fi na kowa ɗaukar ido ake waiwaya. Faifan W.A.S.P. ya kai matsayi na 74 a jerin Billboard, wanda ba ƙaramin abu ba ne ga sabuwar ƙungiya, ko da yake bai kama ƙafar na Quiet Riot ba.

4.2 Razanarwa a Dandamali da Bangon Faifai

Razanarwa a wannan kundi tana nufin yin abin da zai firgita mai kallo ko ya ɓata masa rai da gangan domin a ja hankalinsa. Ba W.A.S.P. ce ta ƙago wannan salo ba. Tun a shekarun 1950 Screamin' Jay Hawkins kan fito daga cikin akwatin gawa ya fara waƙa. Arthur Brown kan ɗora wuta a kansa a 1968. Alice Cooper ya shahara da maciji da na'urar sare kai, Gene Simmons na ƙungiyar Kiss kuma da furzar da wuta da jinin ƙarya. Abin da W.A.S.P. ta yi shi ne ta tattara wannan gado ta ƙara masa gishiri.

A wasanninta na farko a ƙananan gidajen rawa na Los Anjelas, irin su Troubadour, Lawless kan yanka ɗanyen nama ya jefa wa 'yan kallo, ya sha abin da ya yi kama da jini daga ƙoƙon kan mutum, ya kuma ɗaura wani marufi a gabansa wanda aka maƙala wa bakin zarto. Mafi muni shi ne ɗaure mace da ba ta da cikakkiyar sutura a jikin katakon azabtarwa, a yi wasan kwaikwayon gana mata azaba. Bangon faifan ya ɗauko wani ɓangare na wannan hoto, domin an nuna mutanen huɗu cikin shigar dandamali, a bayansu kuma ga ƙwarangwal a ɗaure.

Shi kansa sunan ƙungiyar dabarar razanarwa ce. A Turanci kalmar tana nufin zanzaro. A Amurka kuma haruffan huɗu laƙabi ne na fararen fata 'yan asalin Ingila mabiya ɗariƙar Furotesta, waɗanda aka daɗe ana kallo a matsayin masu riƙe da ƙasar. Sanya ɗigo a bayan kowane harafi ya sa mutane suka yi ta hasashe, ƙungiyar kuma ta ƙi tsayawa a kan fassara ɗaya. A tsakiyar faifan garmaho na bugun farko ma an zana wasu kalmomi huɗu da suka dace da haruffan, masu cewa 'yan ƙungiyar fanɗararru ne ta fuskar sha'awa. Abin lura a nan shi ne, duk waɗannan abubuwa da aka lissafa babu ko ɗaya da ake ji da kunne. Wanda ya ɗora faifan a kan garmaho ya rufe ido ba zai ga nama ko zarto ba. Don haka dole ne a koma ga waƙoƙin a ga abin da ya rage.

4.3 Zubi da Tsarin Faifan

Bugun 1984 yana ɗauke da waƙoƙi 10, biyar a kowace fuska, tsawonsu gaba ɗaya kimanin minti 38. A fuska ta farko akwai “I Wanna Be Somebody” da “L.O.V.E. Machine” da “The Flame” da “B.A.D.” da “School Daze”. A ta biyu akwai “Hellion” da “Sleeping (In the Fire)” da “On Your Knees” da “Tormentor” da “The Torture Never Stops”.

Idan aka duba ƙirar waƙoƙin za a ga kusan zubinsu ɗaya ne. Ana buɗewa da taken jita, wato gajeren kiɗa mai maimaituwa wanda da an ji shi an san waƙar. Daga nan sai ɗan waƙa na farko, sai amshi, sai ɗa na biyu, sai amshi, sai a bar wa jita fili ta yi tilo, sannan a rufe da maimaita amshi. Yawancin waƙoƙin ba su wuce minti uku zuwa huɗu ba. Wannan shi ne zubin da gidajen rediyo suka saba da shi tun zamanin kiɗan rok na farko. Babu doguwar waƙa mai sassa da yawa irin waɗanda Iron Maiden ko Metallica suka sa a faya-fayansu na wannan shekara ta 1984. Ta fuskar zubi ke nan, ƙungiyar da ake ganin ta karya kowace doka ba ta karya ko ɗaya ba.

Jeranta waƙoƙin ma ya nuna an yi lissafi. An sa waƙoƙi biyu mafiya kama kunne a farko domin su riƙe mai sauraro. An buɗe fuska ta biyu da “Hellion” mai zafi, nan take kuma aka biyo ta da “Sleeping (In the Fire)”, wadda ita kaɗai ce mai sanyi a faifan, domin kunne ya huta kafin waƙoƙi uku na ƙarshe masu nauyi. Za a iya cewa fuska ta farko ta fi karkata ga rayuwar matashi ta yau da kullum, wato buri da sha'awa da iyaye da makaranta, ta biyu kuma ta fi cika da hotunan wuta da shaiɗan da azaba.

4.4 Turke

4.4.1 Babban Turke

Weinstein (1991) ta kasa saƙonnin kiɗan ƙarfe gida biyu: na holewa, wato sha'awa da shaye-shaye da kiɗa, da kuma na hargitsi, wato mutuwa da jahannama da rushewar tsari. Dukkan biyun suna cikin wannan faifai. Amma wannan bincike yana ganin akwai wani turke da ya ɗaure su duka, shi ne neman a san da mutum.

An furta wannan turke ƙarara a waƙar farko, wadda ma'anar sunanta ita ce mawaƙin yana son ya zama wani. A cikinta mai magana yana ƙin aikin albashi na safe zuwa yamma, yana ƙin ya tsufa ba a san shi ba, yana kuma son ɗaukaka tun yanzu. Babu jini ko batsa a cikinta. Idan aka tuna cewa wanda ya tsara ta ya shafe shekaru yana buga-buga a Los Anjelas, za a gane dalilin da ya sa ta fi sauran fita daga zuci. Haka kuma wannan waƙa ita ce ke fassara razanarwar kanta. Mutumin da babban tsoronsa shi ne a wuce shi ba a kalle shi ba, zai iya jefa wa mutane ɗanyen nama domin su waiwayo. Ta wannan fuska nama da zarto hanya ce, turken kuma shi ne inda aka dosa.

4.4.2 Ƙananan Turaku

Na farko shi ne bijire wa magabata. “B.A.D.” tana magana a kan jefa iyaye cikin baƙin ciki. “School Daze” ta ɗauki makaranta a matsayin gidan kaso. An buɗe ta da muryoyin yara suna karanta rantsuwar biyayya ga tutar Amurka, irin wadda ake yi a makarantun ƙasar da safe, sai kiɗa ya faɗo a kai. Wannan dabara ta fi duk wani jinin ƙarya kaifi, domin ta haɗa alkawarin 'yanci da ke cikin rantsuwar da ƙuncin da ɗalibin yake kuka da shi, ta bar mai sauraro ya ga saɓanin da kansa. Duk da haka batun ba sabo ba ne, tun da Alice Cooper ya riga ya yi waƙar ƙin makaranta a 1972.

Na biyu shi ne azaba. Sunan waƙar ƙarshe yana nufin azaba ba ta ƙarewa, wanda ya ga bangon faifan kuma zai zaci labarin kurkuku ne da bulala. Amma idan aka saurara za a tarar azabar da ake nufi ita ce ta rayuwar yau da kullum a ƙarƙashin masu iko da mutum. Ke nan katakon azabtarwa a nan siffantawa ce. Faifan ya buɗe da mai gudun zama ba kowa ba, ya rufe da hoton rayuwar da yake gudu. A “Tormentor” kuwa mawaƙin ya juya ya zama shi ne mai azabtarwa, wato wanda aka danne yana mafarkin ranar da shi ma zai danne wani.

Na uku shi ne sha'awa, kamar yadda yake a “L.O.V.E. Machine” da “The Flame” da “On Your Knees”. A nan ne razanarwar dandamali ta fi shiga cikin kalmomi, a nan ne kuma faifan ya fi rauni. Walser (1993) ya nuna cewa kiɗan ƙarfe fage ne da samari ke gwada iko da mazantaka. A waɗannan waƙoƙi ikon a kan mace ake gwada shi. Ba ta da suna, ba ta da murya, ba ta da buri nata. Mawaƙin da ya buɗe faifai da kukan kada a mai da shi ba kowa ba, shi ne kuma ya mai da mace ba kowa ba. Wannan tufka da warwara ce da bai kamata mai nazari ya kau da kai daga gare ta ba.

4.5 Salo da Sarrafa Harshe

Babban jarin faifan shi ne muryar Lawless. Murya ce mai kaushi, kamar ta wanda ya kwana yana ihu, amma ba ta kauce wa karin waƙa ba, kuma ana jin kalmomin da yake furtawa. Da yawa daga mawaƙan Los Anjelas na lokacin siririyar murya suke amfani da ita, wasu kuma na ɓangaren kiɗa mai tsananin sauri haushi kawai suke yi. Shi ya tsaya a tsakiya. A “Sleeping (In the Fire)”, inda aka fara da jita mai taushi, an ga cewa yana iya sassauta muryar ya ja ta a hankali har ta kai ƙololuwa. Waƙar tana magana ne a kan ruɗin shaiɗan da yadda daɗi ke jan mutum zuwa halaka, kuma da za a ba wanda bai san ƙungiyar ba ya saurara, zai iya ɗaukarta a matsayin gargaɗi.

Abu na biyu shi ne amshi. A ɗakin ɗaukar sauti an ɗora murya a kan murya har amshin ya zama kamar taron jama'a ne ke yi. Kalmomin amshin kaɗan ne, galibi sunan waƙar ne ake maimaitawa. A “L.O.V.E. Machine” da “B.A.D.” har harafi-harafi ake kira, yadda ko wanda bai iya Turanci sosai ba zai iya karɓawa. Wannan ya nuna tun wajen tsara waƙoƙin an yi su ne domin 'yan kallo su zama 'yan amshi. Mai son ya kori jama'a ba ya gina musu wurin shiga irin wannan.

Ta fuskar kiɗa, Holmes da Piper sun dogara ne a kan kaɗa tsirkiya biyu ko uku a tare, da ƙarfin lantarkin da ke sa jita gurnani. Tilon Holmes ba na nuna gwanintar yatsu ba ne irin na Eddie Van Halen. Yana da kaushi da gaggawa, ya kuma dace da muryar. Gangunan Richards an fito da su gaba ƙwarai, su ne ma suka buɗe faifan kafin a ji jita.

Ta fuskar harshe kuwa rumbun kalmomin faifan ƙarami ne. Wuta da jini da jahannama da zunubi da dabba su ne ke ta dawowa. Adon harshen da aka fi amfani da shi shi ne kambamawa, sai dabbantarwa da abuntarwa, inda mawaƙi ke mai da kansa dabba ko inji. Yawan maimaita su ya sa kafin a kai ƙarshen fuska ta biyu sun fara rasa kaifi. Wannan ita ce matsalar razanarwa a ko'ina: abin da ya firgita mutum jiya, yau ya saba da shi, gobe sai an ƙara.

4.6 Waƙar da Aka Cire da Rikicin 1985

Akwai wata waƙa mai suna “Animal” wadda aka shirya za ta shiga faifan. Cikakken sunanta yana ɗauke da kalmar batsa da ba za a kawo a wannan kundi ba, abin da ke cikinta ma haka. Kamfanin Capitol ya cire ta saboda gudun kada manyan kantuna su ƙi sayar da faifan. Sai wani ƙaramin kamfani na Ingila mai suna Music for Nations ya fitar da ita ita kaɗai a 1984, da hoton marufin nan mai zarto a bango.

A shekarar 1985 wasu matan manyan 'yan siyasa a Washintan suka kafa cibiyar PMRC domin sa ido a kan waƙoƙin da yara ke saurare. Cikinsu akwai Tipper Gore, matar Sanata Al Gore, da Susan Baker, matar sakataren baitulmali James Baker. Sun fitar da jerin waƙoƙi 15 da suka kira ƙazamai, 9 daga ciki na ƙungiyoyin kiɗan ƙarfe ne da danginsa, “Animal” kuma tana ciki. Ranar 19 ga Satumba, 1985, wani kwamiti na Majalisar Dattawan Amurka ya yi zaman sauraron bahasi, inda mawaƙa Frank Zappa da John Denver da Dee Snider suka yi magana a kan haɗarin tauye faɗar albarkacin baki. A watan Nuwamba na shekarar ƙungiyar kamfanonin faifai ta amince a riƙa manna gargaɗi ga iyaye, a 1990 kuma aka tsayar da tambarin baƙi da fari da aka sani.

Abin da ya shafi wannan nazari shi ne, waƙar da ta jawo wa W.A.S.P. wannan suna ba ta cikin faifan da mutane suka saya a 1984. An yi wa faifan hukunci da laifin waƙar da ba ya ɗauke da ita. A ɗaya ɓangaren kuma ƙungiyar ba za ta yi kukan an zalunce ta ba, domin ita ta shuka abin da ta girba, har ma ta ci riba, tun da hani ya zame mata talla kyauta. Sai a bugun 1998 aka mayar da “Animal” cikin faifan, aka sa ta a farko, aka kuma ƙara wasu waƙoƙi biyu a ƙarshe. Wannan canji ya sauya fuskar aikin. Wanda ya shiga ta ƙofar 1984 zai fara cin karo da matashi mai buri, sai ya fassara sauran waƙoƙin ta wannan haske. Wanda ya shiga ta ƙofar 1998 zai fara cin karo da batsa, sai burin ya zo daga baya. A ra'ayin wannan bincike, tsoron kasuwa da ya sa Capitol ta cire waƙar ya gyara faifan ba da niyya ba, domin ya bar babban turke a mazauninsa.

4.7 Nasara da Rauni

Nasarar faifan tana cikin waƙoƙi huɗu ko biyar da suka tsaya da ƙafarsu ba tare da taimakon dandamali ba, musamman “I Wanna Be Somebody” da “Hellion” da “Sleeping (In the Fire)” da “School Daze”. Shaidar haka ita ce a 2024, da faifan ya cika shekara 40, ƙungiyar ta yi rangadi tana rera shi daga farko har ƙarshe. Abin da ya firgita mutane a 1984 ya daɗe da zama tsohon yayi, amma amshin bai tsufa ba.

Rauninsa kuwa uku ne: kamanceceniyar waƙoƙin, ƙarancin kalmomi, da wulaƙanta mace. Akwai kuma farashin da razanarwar ta jawo wa mai ita. Lokacin da Lawless ya juya ga batutuwa masu nauyi a faifan The Headless Children na 1989, sannan The Crimson Idol na 1992, sai da ya yi fama da sunan da ya gina wa kansa. Shi wannan faifai na 1992 labari ne na yaron da iyayensa suka ƙi, ya nemi suna ta hanyar kiɗa, ya samu, amma bai tsira ba. Wato turken waƙar farko ta 1984 ne aka dawo aka bi har ƙarshensa. Daga baya ma, bayan Lawless ya koma ga addinin Kirista, ya shafe shekaru ba ya rera “Animal” a dandamali.

4.8 Kammalawa

A wannan babi an kawo salsalar ƙungiyar W.A.S.P. da faifanta na farko, an bayyana salon razanarwarta, sannan aka feɗe faifan ta fuskar zubi da tsari da turke da salo. An gano cewa razanarwar ta fi zama a dandamali da bango da suna da kuma waƙa guda da ba ta ma shiga bugun farko ba. Abin da ke cikin faifan waƙoƙi ne gajeru masu zubi na al'ada da amshi mai jan jama'a, waɗanda babban turkensu shi ne neman a san da mutum. An kuma nuna cewa inda razanarwar ta ratsa cikin kalmomi, wato waƙoƙin sha'awa, nan ne aikin ya fi rauni. Saboda haka masu sukar da suka tsaya a kan zarto da masu yabon da suka tsaya a kansa duk sun bar waƙar ba su saurara ba. A babi na gaba za a kwatanta wannan faifai da na farko na ƙungiyar Marilyn Manson, wanda ya fito a 1994, domin a ga yadda salon razanarwa ya sauya cikin shekara goma.